Iddo ta 1925 a kan allon katako: littafin aikina

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Yau dai na fara, bayan na shafe wata uku ina cewa gobe. Abin da nake son ƙerawa shi ne 'yar ƙaramar siffar bakin ruwan Iddo da ke Legas kamar yadda yake a 1925: tashar jirgin ƙasa, guntun gadar Carter, kwale-kwale a kan ruwa, mota ɗaya ko biyu, sai mutane. Makarantar da nake koyarwa nan Agege za a kai shi, ranar baje kolin ayyuka a ƙarshen Nuwamba.

Abin da ya tunzura ni, zangon da ya wuce na tambayi 'yan ajina yadda kakannin kakanninsu suka zo garin nan. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, da bas ɗin dare." Aji ya kwashe da dariya, amma cikin masu dariyar ba wanda ya kawo amsar da ta fi tasa.

Iddo na zaɓa saboda a nan dogo ya ƙare, ruwa ya fara. An soma shimfiɗa layin a 1896, ya isa Badun a 1901, zuwa 1912 kuma mutum na iya barin Ikko ya sauka Kano, sai dai a Jebba jirgin fito ke ƙetarar da shi har aka gama gadar Kwara a 1916. Gyaɗa da fata da ƙirgi su gangaro, goro da gishiri da atamfa su hau. Kakan babana yana cikin masu goron.

Ma'auni: santimita 2 a madadin mita 1. Mutum zai zo santimita 3 da rabi, allon kuma mai ƙafa 8 da ƙafa 4 zai ɗauki fili mai tsawon mita 122 da faɗin mita 61. Ba yawa, amma iyakar abin da barandarmu za ta iya ke nan.

Kuɗin yau: allon filaiwud mai kaurin rabin inci N21,000, katako tu-bai-tu guda 4 N6,000, gam ɗin kafinta N4,500, ƙusa da samfefa N2,000, mai Keke N2,500. Jimla N36,000. Na ce wa uwargida duka aikin ba zai wuce N50,000 ba. Ta ce, "Allah ya sa, Malam," da irin muryar da na sani.

Laraba, 6 ga Agusta

Na kafa wa allon katako ta gefe huɗu, na zana inda ruwa zai tsaya da fensir. Kafintan layinmu ya ce in ƙara biyu a tsakiya. Na ce ya isa.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na shiga gari da ɗana na fari don in ga wurin da idona. Muka sauka Oyingbo muka taka zuwa Iddo, muka hau gada har Idumota. Ba abin da za ka kwafa daga abin da ke wurin yanzu. An cike bakin ruwan da ƙasa sau da yawa, gadar da muka taka kuma ita ce ta uku, ta shekarun 1970. Ta farko, wadda nake nema, an buɗe ta a 1901 da sunan Gwamna Gilbert Carter, tana tsaye kan turakun ƙarfe, an shimfiɗa mata katako. Ta biyu ta zo a 1931, lokacin da motoci suka fi ƙarfin ta farkon. Ta ɗaya ɓangaren kuma gadar Denton ce ke haɗa Iddo da Ebute Metta, don Iddo tsibiri ne a lokacin, abin da yaron nan ya ƙi yarda da shi har muka dawo gida.

A kan gadar na yi lissafin da ya sanyaya mini gwiwa. Tsawonta wajen ƙafa 2,000 ne. A ma'aunina mita 12 ke nan, wato sai ta fita daga baranda ta ratsa tsakar gida ta shiga shagon maƙwabci. Don haka mita ɗaya da rabi kawai zan yi, ta fita daga bakin allo kamar an datse ta da wuƙa.

Na so in sa ɗan jirgin ƙasa mai tururi da ya taɓa kwasar mutane daga Iddo ya ƙetare gada ya shiga cikin gari. An fara shi a 1902, amma ya daina ɗaukar fasinja tun ƙarshen 1913. Wanda ya rage har 1933 na kwasar bahaya ne da dare, can cikin tsibirin Legas. Na fasa.

Abu ɗaya da na samu a fitar nan shi ne launin ruwa. Ba shuɗi ba ne ko kaɗan. Tsakanin ruwan toka ne da kore-kore, kamar ruwan da aka wanke tukunyar miyar kuka.

Asabar, 16 ga Agusta

Turakun gada: tsinken tsire guda 64, na yanke su tsawo ɗaya, na huda allo da ƙusa na dasa. Shimfiɗar kuma sandunan askirim ne da yara suka tsinto mini. Tsinke N1,500, baƙin fenti N2,800. Jimla zuwa yau N40,300.

Lahadi, 24 ga Agusta

Mako guda cur a kan mota ɗaya mai tsawon santimita 10.

Ford na zaɓa, ƙirar ɗaukar kaya da ake kira TT, ƙanwar Model T, wadda aka fara yi a 1917 mai ɗaukar tan ɗaya. Ita ce ta buɗe hanyoyin ƙasar nan. Manyan motocin da Turawa suka fara kawowa nauyinsu ya yi yawa, suna tone hanya suna kafewa a laka. Ford kuwa ba nauyi, ba tsada, kayan gyaranta ko'ina, in ta faɗa rami ƙarti huɗu sun fitar da ita. Inji da ƙashin mota kawai ake saukewa daga jirgin ruwa, kafintocin Legas su ɗora mata bodin katako da benci. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan harka akwai W. A. Dawodu, ɗan ƙasa, bakanike kuma dillalin motoci, wanda ya rasu a 1930. Duk wanda ya taɓa hawa mota mai bodin katako zuwa kasuwar ƙauye, jikar waccan ya hau.

Bodi bai ba ni wuya ba, kwalin magani da tsinken ashana. Taya ce ta kusa sa ni kuka. Ƙafar motar ta katako ce mai sanduna 12, a ma'aunina kuma faɗinta santimita ɗaya da rabi. Na gwada murfin biro, ya tsage. Na gwada maɓallin riga, ta fito kamar motar 'yar tsana. Na lanƙwasa waya na jera tsinken sakace a ciki da gam mai kamawa nan take, sai ya kama yatsuna biyu ya bar tsinken. Na yi minti ashirin hannuna cikin ruwan ɗumi, autarmu na tsaye tana tambaya, "Baba, motar ce ta cije ka?" A ƙarshe wani mai gyaran babur ya ba ni zoben roba irin na kaburata, na sa siririyar wayar wuta a ciki. Sanduna 8 na iya sawa, ba 12 ba. Wanda ya ƙirga, ya zo ya ƙarasa.

Da nake karanta yadda ake tuƙa ta, na ƙara girmama direbobin zamanin. Abin takawa uku ne, amma ba irin namu ba: na hagu giya, na tsakiya ribas, na dama birki. Totur a hannu yake, jikin sitiyari. Tayar da ita sai an murɗa wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaba, in ya yi tutsu ya dawo baya sai ya karya wa mutum wuyan hannu. Tankin mai ƙarƙashin kujera yake, ba famfo, gangarowa man yake yi da kansa, shi ya sa in tudu ya yi tsayi mai kuma ya yi ƙasa sai a juya a hau da baya. Ƙarfin doki 20 ne duka-duka.

Man kuwa ba a gidan mai ake sha ba. A garwa yake zuwa, mai galan 4, biyu-biyu cikin akwatin katako. Garwar da mai ruwa ke ratayawa a sanda, wadda har ta ba shi suna, asalinta ke nan, ta fetur da kananzir. Na yanka guda shida daga gwangwanin madara na ɗora a bayan motar.

Na manna ta a hannun dama na hanya, sai da na kwanta na tuna. Hannun hagu ake bi a ƙasar nan har ranar 2 ga Afrilu, 1972. Na tashi da tocila na ɓamɓare ta. Gam da roba N2,000. Jimla N42,300.

Asabar, 30 ga Agusta

Rumfar tasha da taragu biyu. Rufin kwano daga kwalin da ke da layi-layi a ciki, in ka jiƙa fuska ɗaya ka ɓare. Ya yi kyau fiye da zatona.

Lahadi, 7 ga Satumba

Kawu ya zo gaisuwar Maulidi ya kwana biyu. Ya haura tamanin, a harkar goro ya tashi ya tsufa. Na kai shi baranda ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, ya taɓa motar da ɗan yatsa, sannan ya ce, "To, ɗana, ina mutanen? Wa zai sauke kayan, motar?"

Na ce, "Kawu, suna tafe, a ƙarshe zan yi su." Ya ce abin da na bari ƙarshe shi ne farko. A Ikkon da ubansa ya ba shi labari (shi har yau Ikko yake cewa, daga Eko na Yarabawa), mota abin kallo ce. Kaya a kan mutum yake, ko a kwale-kwale, ko a amalanke. Huhun goro daga jirgin ruwa zuwa tarago, kan ɗan dako ne.

Daga nan hira ta ɓalle har la'asar. Da can goro ta ƙasa yake zuwa mana, ayarin jakuna daga Gwanja, wata da watanni. Da dogo ya isa Kano sai hanya ta juya: a loda shi a jirgin ruwa daga Akara ko Sekondi, a sauke a Legas, a sa a tarago. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci na ruwa kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa. Sannan manoman nan yankin Agege da Ota suka dasa irin goron da kansu, Yarabawa har yau gbanja suke kiransa, wato ɗan Gwanja. Abin da ya zaunar da Hausawa a Zangon Agege ke nan. Kawu ya nuna mini yadda ake jera goro cikin ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure, a riƙa kwancewa ana tsince mai tsutsa, ya ce huhun da na yi da auduga ya yi kama da matashin kai. Ya karɓi zare ya ɗaure guda ɗaya da kansa, girman ƙwayar wake, da hannun nan nasa mai rawa. Shi zan kwaikwaya.

Ya kuma zaro wani kwabo mai huda daga jakarsa ya ba ni aro. Yara suka taru, ya yi musu karatun kuɗi: anini goma kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Ɗana ya tambaya, "Kaka, hudar ta mece ce?" Ya ce ta zare ce, don mutane da yawa ba su da aljihu.

Ya tafi ya bar ni da aiki. Na yi niyyar mutum 15. Yanzu na ga in ba su kai 60 ba, ƙarya zan nuna wa yara.

Litinin, 15 ga Satumba

Yau aka koma makaranta, ni kuwa na tafi da baƙin ciki.

Ranar Laraba na yi ruwa. Dabarar ita ce a shimfiɗa tishu, a shafe da gam da aka tsinka, a tattura shi da burushi ya yi ƙananan igiyoyi, in ya bushe a yi fenti a bi da banish. Gam ya kusa ƙarewa, sai wayo ya zo mini: na dama sitaci na ƙara. Fenti kala uku N7,500, banish N5,000, tishu N1,000.

Ban yi lissafi da damina ba. Hutun ruwan da ake samu a Agusta ya ruɗe ni, na manta cewa a Legas ruwan Satumba sabon zubi ne. Daren Alhamis aka kwana ana yi, da iska, feshi ya shigo baranda. Allon bai jiƙe sharkaf ba, amma iska kanta ruwa ce. Kwana uku abin bai bushe ba. Ranar Asabar na ga farin gashi-gashi ya fito a gindin gada, fumfuna. Na goge. Lahadi da asuba na fito alwala na haska tocila, kyankyasai sun yi sahu a tsakiyar tafkin Legas suna karin kumallo da sitacina. Sun cinye wajen tafin hannu biyu, har katako ya bayyana.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar ita ce allon ya sha laima ta fuska ɗaya ya bankare, tsakiya ta taso kamar bayan kunkuru. Turakun gada 19 suka fita daga raminsu, shimfiɗar ta tsage gida biyu, tarago ɗaya ya gangara ya faɗi ƙasa.

Na je wurin kafinta da yamma. Bai ce ai na faɗa maka ba, wanda ya fi ciwo. Ya zo ya duba, ya ce, "Malam, katako yana numfashi. Ka shafa masa ruwa a sama, ka bar ƙasa tsirara." Abin yi: a kankare tishun duka, a kifar da allo, a ɗora masa bulo shida na kwana huɗu, a kafa katakon nan biyu na tsakiya da na ƙi sawa, a shafe fuska biyun da banish kafin a sake komai.

Uwargida ta ce a shigo da shi falo. Ban roƙa ba, ita ta faɗa. Ta ƙara da cewa sitacin da na ɗiba na guga ne, ta ga gwangwanin.

Kafinta N5,000, katako N3,000, maganin kyankyaso N1,500, leda N2,000. Jimla N67,300. An wuce N50,000 ba a ko yi sallama ba.

Da nake kankare fumfunar na tuna cewa garin da nake ƙerawa shi ma laima da ƙazanta ne suka addabe shi. Ƙidayar 1921 ta ba Legas mutum kusan 100,000, mafi yawansu cunkushe a yammacin tsibiri. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shiga, ta yi shekaru tana kisa, ita ce ma ta sa aka kafa hukumar rusau da tsara gari a 1928. Alhali garin na da lantarki tun kafin 1900, da ruwan famfo daga Iju, nan bayanmu, tun 1915. Zan sa ɓera ɗaya a gindin rumfar kaya, in na iya yin abu mai ƙanƙantar haka.

Asabar, 20 ga Satumba

Allo ya miƙe, saura ɗan tudu da ba mai lura. Na mai da turaku.

Asabar, 27 ga Satumba

Ruwa karo na biyu, gam zalla, falle ɗaya kowace rana, fanka na kaɗawa in akwai wuta. Ya kama. Kwale-kwale 5 daga ɓawon rake da na fafe, ɗaya da filafilan tsumma.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Rigimar jirgin sama.

Tun farko na yi wa yara alkawarin jirgi, shugaban makarantarmu ma da na nuna masa hoto a waya abin da ya fara tambaya ke nan: "Malam, ina jirgin? Shi zai ja mutane." Kuma 1925 na zaɓa tun asali saboda ita ce shekarar da jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya. Na riga na sayi zaren da zan rataye shi saman gada.

Matsalar ita ce ba su zo Legas ba. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka bi Wadi Halfa, Hartum, El Obeid, El Fasher, Abeche, Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, Maiduguri, suka sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Suka leƙa Kaduna, suka juya, 19 ga Nuwamba suna gida. Ko ƙamshin teku ba su ji ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Duk wani abin Bature da ke kan allona ta ruwa ya shigo ya hau arewa: dogo, mota, garwa, kwano, kwabon Kawu. Yarima mai jiran gadon Ingila ma da ya zo a Afrilun shekarar, ta ruwa ya sauka, ya hau jirgin ƙasa zuwa hawan daba a Kano, sannan ya dawo ya aza harsashin babban cocin titin Marina a Legas. Jirgin sama kaɗai ne ya shigo ta ƙofar gabas. Kuma duba sunayen garuruwan nan: hanyar alhazai ce, aka biyo ta a juye. Tafiyar da mutanenmu ke yi a ƙasa shekara da shekaru, suna tsayawa noman auduga a Sudan don neman guzuri, wasu ma su zauna can ɗungurungum, ita aka yi a kwana shida.

Legas sai daga baya. A 1928 Alan Cobham ya sauka a kan ruwanta da jirgi mai cikin kwale-kwale, a zagayen da ya yi wa Afirka. Jirgin fasinja da wasiƙu na yau da kullum kuwa sai 1936, shi ma daga Hartum ya fara tsayawa a Kano a farkon shekarar, sai a Oktoba aka miƙa shi zuwa Legas.

Ɗana ya ce, "Baba, ka rataye kawai, wa zai sani?" Shugaban makaranta ya ce in mai da shekarar 1928 in sa na Cobham. Shawara ce mai kyau, har na kwana biyu a kanta. Amma in na yi haka na rasa abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin, cewa mutumin Fagge ya riga mutumin Marina ganin jirgin sama. Yaran ajina, da ake yi wa gorin 'yan arewa a unguwa, ina so su ji wannan.

Abin da na yanke: allo na biyu, ƙarami, filin sukuwar Kano da jirgi a kai. Za a ajiye shi can ƙarshen zauren, a haɗa su da igiya a madadin dogo. Na yi lissafi don nishaɗi, tsakanin Iddo da Kano wajen mil 700 ne, a ma'aunina kilomita 22 da 'yan kai. In da gaske za a bi, in allon farko na Iddo, na biyun sai ya wuce Agege.

Guntun allo N3,000, fenti ruwan azurfa N3,000, zare N500. Jimla N73,800.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Fiffiken DH.9A mita 14 ne daga baki zuwa baki, jikinsa mita 9 da ɗan ɗori, don haka nawa santimita 28 da 18. Fiffike biyu ne, sama da ƙasa, mutum biyu yake ɗauka, injin Liberty mai ƙarfin doki 400. Motata ashirin ke nan a hancin abu ɗaya da aka yi da katako da zane.

Na so in bi yadda aka yi na gasken, ƙashi na tsinke, fata ta ƙyalle. Na yanki tsohon farin ɗankwali, da izini wannan karon, na ja shi a kan tsinken na shafa gam. Da ya bushe ya tsuke, ya murɗe fiffiken kamar ganyen da ya sha rana. Sau biyu. Na haƙura na yanka daga kwalin takalmi na zana layin haƙarƙarin da bakin cokali. Haɗa na sama da na ƙasa kuma sai da na yi ɗan gadon kwali da zai riƙe su daidai kafin gam ya kama. Ɗaya zan yi, ba uku ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mutane. Waya a lanƙwasa, a naɗe da tishu da gam, kai kuma ƙwayar barkonon tsohuwa. 'Yan ajina shida suka zo jiya da yau, muka yi 41. Waya N2,000, abincinsu ban sa a lissafi ba.

Akwai 'yan dako 14 da huhun goro irin ɗaurin Kawu, mata masu tallan kifi da gammo a ka, fatake da rawani zaune kan buhu, akawu ɗaya da farar kwat da keke, soja da jar dara, masu tuƙin kwale-kwale, mai garwa. Wata yarinya ta yi mace da goyo ba wanda ya sa ta, ita ce ta fi kyau a duka.

Da muka jera su sai allon ya canza. Motar da na ɓata mako a kanta ta shige cikin taro, sai ka nema. Wani yaro ya ce a rage mutanen gabanta don a gan ta. Na ce a bar su.

Ina tunanin ƙara bas ɗaya a bakin gada. Wata attajira, Charlotte Obasa, tana da motocin haya a Legas tun kafin 1920, sunan kamfanin Anfani. Na rubuta a allo na tambayi yaran ma'anarsa, Hausawa da Yarabawan cikinsu suka amsa tare, kowa na cewa kalmarsu ce. Na bar su suna musu. In lokaci ya ƙure, bas ɗin ne zai fita, don tayoyi huɗu ne kuma.

Asabar, 25 ga Oktoba

Fentin jirgi, da'irar shuɗi da fari da ja a fiffike. Mutum 12 ƙari, 53 ke nan. Jimlar kuɗi N75,800. Ɓeran ya gagara, ƙwayar shinkafa na shafa wa baƙi na sa mata jelar zare.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yau shekara 100 cif da saukar jiragen nan a Kano. Na so a ce yau aka gama, ba a gama ba.

Mun gwada jeri a tsakar gida da safe. Iddo a bakin ƙofar falo, Kano a gindin tankin ruwa, igiyar shanya a tsakani, mita 9. Na rataya sunayen tashoshi da 'yan katuna: Ebute Metta, Agege, Abekuta, Badun, Oshogbo, Offa, Ilori, Jebba, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya. Autarmu ta ɗauki huhun goron Kawu a tafin hannu ta bi igiyar tana kiran sunayen da yayanta ke karanta mata, ta tsaya a Agege ta ƙi gaba, wai an iso gida.

Abin da gwajin ya tona: jirgin yana kifawa ta hanci, sai na sa ƙusa a jelarsa. Filin Kano fayau yake, yana buƙatar dawaki da 'yan kallo, aƙalla 20, ga shi ban taɓa yin doki ba. Katunan tashoshi sun yi ƙanana, daga taku uku ba a karantawa. Sannan babbar magana, allon Iddo ba zai shiga Keke ba yanzu da gada ke kansa, ƙofar falon ma sai an karkata shi, in an karkata kuwa rabin mutanen da ba a manna ba za su zube cikin ruwa.

Na kira Kawu na gaya masa an kai mutum 53. Ya ce, "Da shanu?" Babu shanu.

Saura mako uku. Wannan makon manna mutane da dawaki, mako mai zuwa shanu da katuna, bas in Allah ya yarda. Litinin bayan an tashi zan biya wurin kafinta mu auna murfin da za a kifa wa allon, in kuma tambayi mai a-kori-kurar layinmu nawa zai kai shi makaranta a hankali, ba ta hanyar kasuwa ba.